Abin da Wayar Baba Ta Buɗe

…amma ai ya buɗe. A wayarta ya buɗe. A wayar shugaban koperatif, ƙungiyar manoma, ya buɗe, a gaban manoma a Magariya, har aka tafa mata. To me ya sa a nan—

Nazifa tana zaune a kan bencin siminti a barandar asibitin Dungas, wayar mahaifinta a hannunta, mai tsagaggen gilashi, an ɗaure ta da roba. Bayan ƙofar nan mai shuɗin fenti Inna ce kwance, ana mata ƙarin ruwa. Tun hantsi ba a buɗe ƙofar ba sai don a fito da kwanon amai. A can ƙarshen bencin, Malam Wada, mahaifinta, ya ba ta gefe yana jan carbi. Ita ce 'yar fari. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, ba kuwa yau zai fara ba.

Warin tafarnuwa… har yanzu yana jikin zanin Inna da ke kan cinyarta. Ba tafarnuwa ba ce. Ƙwayar nan ce da ake sa wa wake saboda ƙwari, mai narkewa ta zama iska, iskar ta cika ɗaki, ta shiga ƙirjin mai barci. Rumbu ya zube da damina, buhunan suka koma ɗakin Inna. Rabin ƙauyensu, Yekuwa, haka suke yi. Ai saboda haka ne ma Nazifa ta yi aikin. Saboda haka ne.

'Yar manhaja ce ta waya, ba wani abin a zo a gani ba. Hoton buhu, maɓalli kore a ƙarƙashinsa. Ka danna, ka ji muryarta da Hausa: kada a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ƙwaya, a kai shi nesa da mutane, a rufe. Da kanta ta ɗauki muryar a ɗakinta na haya, ta lulluɓa da bargo don kada ƙarar injin niƙa ta shiga, gumi yana ɗiga mata a haɓa, tana jin daɗin kanta. Wai ita mai ceton rayuka.

Layi ɗaya — shi ke nan fa. Don me za ta wahalar da kanta gina abin kunna murya, alhali kowace waya tana da nata? Sai ta rubuta layi ɗaya mai ce wa waya: ga murya nan, ki buɗe ta da abin da kika saba. Da abin da kika saba… Kamar ka miƙa tuwo ta kan katanga ka juya, ba ka tsaya ka ga hannun da ya karɓa ba. A ƙarƙashinsa akwai wurin wani layin, wanda zai duba ko muryar ta tashi, in ba ta tashi ba ya yi kashedi. Ta san da shi. Ta ce daga baya. Yaushe ne daga baya?

Ta koma kan wayar Baba. Ta danna koren maɓallin.

Kalangu. Guɗa. Wata mata tana yi wa amarya kirari da siririyar murya, a tsakiyar barandar asibiti. Wata tsohuwa mai jinya ta ɗago kai ta harare ta. Nazifa ta kashe, ta sake dannawa — kalangu. Ta kashe.

Ta gane, kuma ganewar ce ta fi ciwo, don ba ta da wuya. Hamissou, mai cajin waya da tura waƙoƙi a gindin bishiyar bedi, shi ya sa wa wayar wani abin kunna kiɗa. Ranar da waya ta tambaye shi da Faransanci ko ta buɗe murya da abin kiɗan nan sau ɗaya ko kullum, ya danna kullum. Wa ba zai danna ba? Mutum da layin mutane a gabansa. Abin kiɗan nan bai san irin muryar da ta ɗauka ba. A miƙa masa, ya kasa buɗewa, ya yi shiru da bakinsa, ya ci gaba da waƙar da ya tsaya a kai. Hamissou ba shi da laifi. Waya ba ta da laifi, an ce ta yi abin da ta saba ta yi. Kuma wayoyin Yekuwa nawa ne ba su bi ta hannun Hamissou ba? A'a. Ba yanzu ba. Ba za ta iya wannan tunanin yanzu ba…

Ta tuno Inna a bakin murhu, lokacin kaka, tana fifita wuta. Nazifa ta sa manhajar a wayar Baba, ta ajiye a kan tabarma, don ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Inna ta ce, "To mene ne a ciki, 'yar boko?" Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Komai yana ciki, Inna, ku dai danna." Ku dai danna. Baki gare ta, Inna tana gabanta, numfashi ɗaya ya isa a ce kada ku kwana da buhu. Ta fi so waya ta faɗa. Tana so Baba ya ji muryarta tana fita daga waya, ya san karatun bai tafi a banza ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma tana jin kunyarta har cikin ƙashi.

Da ta koma Magariya ta kira. "Inna, ya gwada?" Ta ji Inna ta ɗaga murya, "Malam, yarinyar nan tana tambaya." Daga nesa, muryarsa: "Ki ce mata ya yi. Allah ya yi albarka." Ya yi. Da wannan ta je ta ce wa koperatif an gwada a ƙauye. Uban da ba ya iya kiran sunanki, ta yaya zai ce aikinki ya lalace? Ita da ta tashi a gidan, ba ta san haka ba?

Tari daga bayan ƙofa. Na Inna ne? Akwai wata a gadon kusa… Shiru. Shirun ya yi tsawo.

Ba ta san ta sake dannawa ba, sai da kalangun ya tashi. Ta kai yatsa za ta kashe.

"A bar shi ya ƙare," in ji Malam Wada. Bango yake kallo, ba ita ba. "Ni kullum bari nake ya ƙare. Na ɗauka bayanin a ƙarshe yake."

Mutumin da ko a biki ba ya tsayawa wurin kiɗa. A zaure, waya a kunne, yana sauraron guɗa har ƙarshe, yana jiran muryarta… sau nawa?

Yatsan ya tsaya a sama. Waƙar tana janyewa, kalangun yana yin ƙasa, ga shi ya mutu. Dukkansu biyu suna jira — har ita, har ita da ta san babu komai a bayansa. Wata waƙar ta fara.

Hannun ƙofar mai shuɗin fenti yana motsi. Nazifa ta zuba masa ido daga kan bencin, waƙar tana ci gaba a hannunta.