Harsashin Ɓauna a Jikin Barewa

Tun hantsi Stoffel ke bin jinin barewar da ƙaninsa Gawie ya harba a gonarsu ta Karoo, ga rana, ga ciwon gwiwa. Jinin ma ɗigo-ɗigo ne, sai an sha tafiya kafin a ga wani a jikin ƙaya.

"Wane harsashi ka saka, Gawie?"

"Ragowar na ɓauna, Yaya. Ai ya fi ƙarfi."

Stoffel ya ja tsaki. "Wannan ba ya buɗewa a jikin ƙaramar dabba. Ratsa ta yake kamar allura. Furfura har gemu, amma ba hankali!"

Suna hawa tudu sai ga garken barewa ƙosassu, dab da su. Gawie ya ɗaga bindiga, Stoffel ya danne bakinta ƙasa. Tun zamanin mahaifinsu, ba a sake harbi sai an samo wadda aka raunata.

"Haba Yaya, waccan fa ta tafi."

"Ta tafi da ramin da ka yi mata. Ita ba ta huta ba, kai ma ba hutu. Sunkuya ka nemi jini."