Jirgin Maskat na Ƙarshe

A unguwarsu da ke garin Irbid, kowa ya san Suhair Ummu Laith da katinta. Katin banki ne shuɗi, irin wanda ake saye da shi a biya daga baya, da zanen tsattsewa a gefe, alamar kamfanin jiragen Sununu. Duk abin da ta saya da shi sai a rubuta mata maki, idan makin ya taru kuma ya zama tikiti. Da shi take sayen maganin surukarta, da shi take zuba wa mota mai. Maƙwabta ma idan za su sayi firji ko injin wanki sai su kawo mata kuɗinsu a hannu, ta biya da kati, su tafi da kayansu, ita ta tafi da maki.

Abu Ziyad mai kantin kayan miya da ya hango ta sai ya jawo na'ura yana dariya. "Ummu Laith, ɗaurin na'a-na'a ɗaya ma da kati?"

"Auna mini dai," in ji ta. "Na'a-na'ar taka ce za ta kai ni Maskat."

A Maskat mijinta Haitham yake, yana aikin injiniya a wani kamfanin ruwa. Ya tafi tun ɗansu Laith yana firamare, da cewa shekara biyu zai yi ya dawo. Yanzu Laith ya gama jami'a har ya samu aiki a Akaba, uban bai dawo ba. Ita kuwa Suhair ba ta bi shi ba, saboda tana koyarwa a makarantar 'yan mata, ga kuma mahaifiyarsa Hajiya Fawziyya, wadda ta rantse ba za ta bar gidan da mijinta ya gina ba sai a makara. Haka aurensu ya koma na hutu. Shi ya zo da bazara, ita ta je idan makinta ya cika. Jirgin Sununu yana tashi daga Amman da safe, kafin la'asar tana zaune a motar Haitham tana yi masa faɗan ya rame.

Wata Juma'a ƙaninta Nidal ya zo cin abincin rana. Shi mutum ne mai son bin labarin bankuna a waya, kuma ba ya iya riƙe abin da ya karanta. Suhair ta kife tukunyar makluba, dafa-dukan shinkafa da nama, a kan faranti ke nan, tururi yana tashi, ya ce, "Kin ji an haɗiye tsattsewarki?"

"Wace tsattsewa?"

"Sununu mana. Kamfanin Al-Madar ya haɗe da su. Haɗewa suke cewa, amma ai kin san babba ne ya cinye ƙarami. Kafin sanyi ya shigo za a goge sunan a jikin jiragen. Ki kashe makinki tun yana da daraja, ki rufe katin. Jirgin Maskat na kai tsaye ma an ce za a soke, sai dai ki sauka a wani gari ki wuni a kan kujera."

Suhair ta ci gaba da zuba masa shinkafa kamar ba da ita yake ba.

"Ya isa, Ummu Laith, so kike na fashe? Ki saurare ni. Sabon katin da za su ba ki kuɗin shekararsa ya fi wannan, makin kuma ba wanda ya san yadda za su lissafa shi. Wasu sun ce a jira a gani, ni dai na ce ki rufe."

Hajiya Fawziyya, wadda kunnenta ke zaɓen abin da zai ji, ta ɗago kai. "Me za a rufe?"

"Ba komai, Khalti," in ji Suhair, wato inna, yadda ake kiran babbar mace a can. "Nidal ne ya zama gwamnan banki."

"To ya fara da rufe bakinsa yana cin abinci," in ji tsohuwar, aka yi dariya.

Amma bayan ya tafi, Suhair ta tsaya wanke-wanke, ruwa yana zuba a kan faranti ɗaya ta kasa ajiye shi. Ta san Nidal ba ƙarya ya yi ba. Abin da ba za ta iya gaya masa ba shi ne, shekara da shekaru katin nan ne ke sa ta ji kamar kullum tana kan hanya. Idan ta sayi burodi ta ɗan matsa kusa da Haitham, idan ta biya kuɗin wuta ta ƙara matsawa. Idan aka rufe, burodi ya koma burodi, ita kuma ta koma matar da ke zaune tana jira.

Ta je banki da kanta. Yarinyar da ke kan tebur ta yi mata bayani cikin ladabi, cewa za a mayar da makin zuwa tsarin sabon kamfani, amma ba a sanar da su ƙa'idar ba tukuna. Idan ta rufe yanzu, abin da ba ta kashe ba zai iya bin ruwa. Idan ta bari, za a aiko mata da sabon kati mai wani launi.

"Ke da ke ce, ya za ki yi?" Suhair ta tambaye ta.

Yarinyar ta waiga, ta rage murya. "Ni da ni ce, Khalti, sai na yi tafiyata tukuna, na yi tunani daga baya."

Da la'asar ta kira Haitham. Ya ɗauka yana cikin mota, tana jin ƙarar na'urar sanyi.

"Abu Laith, zan zo."

"Yanzu? Ai ba hutu ba ne. Lafiya? Ummi ce?"

"Ummi lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfin baki. Jirginmu ne za a daina, ina so na hau na ƙarshe."

Ya yi dariya. "Au, jirgin za ki yi wa ban kwana, ba mijinki za ki gani ba?"

"Kai ai kana nan. Ina za ka?"

Da ta faɗa sai ta ji maganar ta yi nauyi fiye da yadda ta nufa. Shi kuwa ya ce kawai ta taho masa da yajin za'atar da man zaitun.

Ta nemi izinin 'yan kwanaki a makaranta, matar Nidal ta yarda ta zauna da Hajiya. Ranar tafiya jirgin bai cika ba. Ma'aikatan suna ta ɗaukar hoto da juna, wata dattijuwa a cikinsu, wadda Suhair ta sha gani tun farkon tafiye-tafiyenta, ta tsaya a kanta da butar gahawa.

"Ke ce mai miji a Maskat," in ji matar. "Har yanzu bai dawo ba?"

"Har yanzu. Ke fa, za su ɗauke ki a sabon?"

"Sun ce na cike takarda. Ƙafafuna kuma sun ce a'a." Ta cika mata kofi har baki, ta dafa kafaɗarta ta wuce.

Haitham yana jiranta a bakin ƙofar fita, furfurarsa ta ƙaru. Duk zuwanta na baya a lokacin hutu ne, yakan ɗauki kwanaki ya zaga da ita bakin teku da kasuwar Matrah, gidan a gyare kamar na baƙi. Wannan karon ta faɗo cikin rayuwarsa yadda take. Da safe ya tafi aiki ya bar ta ita kaɗai, ta yi ta zagaya ɗakunan. Kofi ɗaya ne a bakin famfo. Kujera ɗaya ce ta lotsa a falo, sauran kamar ba a taɓa zama a kansu ba. A baranda kuwa ta tarar da bishiyar lemun tsami a cikin babbar tukunya, ta yi tsawo har ta kai ƙirjinta, ga 'ya'ya sun nuna. Ta daɗe tana kallonta. A zuwanta na bara 'yar ƙarama ce, ba ta ma kula da ita ba. Wanda zai tafi baɗi ba ya rainon bishiya haka.

Da ya dawo ta dafa masa mujaddara, shinkafa da ƙananan wake da soyayyiyar albasa, suka zauna a barandar, rana tana shirin faɗuwa, iska mai ɗumi tana tasowa daga teku.

"Haitham," ta ce, ba ta kira shi Abu Laith ba, "na rufe katin ko na bari?"

"Me Nidal ya ce?"

"Nidal ya faɗi nasa. Kai nake tambaya."

Ya ajiye cokali. Ya fahimci abin da take tambaya, ta ga haka a fuskarsa. Ya daɗe yana murza gefen faranti da yatsa kafin ya yi magana.

"Bazarar da ta wuce da na zo gida, na fita da safe na zauna a shagon gahawa na kusa da masallaci. Babu wanda ya gane ni sai Abu Ziyad. Na ga tsarana a jere, suna buga darar nan ta tawla tun safe har azahar, suna gardama a kan ciwon gwiwa. Suhair, tsoro ya kama ni. A nan idan famfo ya tsaya a wata unguwa ni ake kira. A can wa zai kira ni?"

"Ni," in ji ta.

Ya dube ta, idonsa ya cika. Ita ma ta kau da kai ta dubi titi, don ba ta son ta yi kuka a kan abinci.

"Kwantiragina zai ƙare ƙarshen baɗi," ya ce a hankali. "Ba zan sabunta ba. In sha Allahu."

Ta sha jin wannan maganar, har ta san inda muryarsa ke sauka idan ya zo kan in sha Allahu. Amma bai taɓa gaya mata cewa tsoro yake ji ba sai yau, don haka ba ta tuna masa cewa ya sha yin wannan alkawarin ba. Ta ɗauki cokalinsa ta mayar masa a hannu. "Ci, zai huce."

Sauran kwanakin ba su koma kan maganar ba. Ta wanke labule, ta sa shi ya sayi tukunya mai kyau, suka je ya gyara gilashin idonsa da ya daɗe yana ɗaure da zare. Ranar komawa tikitinta na Sununu ne, amma jirgin da ta tarar an riga an shafe shi da fentin Al-Madar, ma'aikatan duk baƙin fuska. Haitham ya riƙe jakarta har inda aka hana shi wucewa, ya tsaya nan yana ɗaga hannu kamar wanda ya manta yadda ake saukewa.

Sabon katin ya iso da shigowar sanyi, ja ne, a cikin ambulan mai kauri. Kuɗin shekarar ya ƙaru kamar yadda Nidal ya faɗa, jirgin kai tsaye kuma an soke shi. Nidal ya zo ya juya katin a hannu yana girgiza kai.

"Wallahi asara ce, Ummu Laith. Na rantse miki asara ce."

"Na sani," in ji ta. "Zan riƙe shi zuwa ƙarshen baɗi. Idan ya dawo, kai za ka raka ni banki na rufe, har na saya maka kunafa ka sha zaƙi."

"Idan bai dawo ba fa?"

"To sai na koyi wuni a kan kujera."

Nidal ya dubi fuskar yayarsa, ya miƙa mata katin.

Da yammar ranar ana yayyafi, Hajiya tana gyangyaɗi kusa da hita, Suhair ta kira Maskat. Haitham ya ce ta yi haƙuri yana girki, zai kira ta in ya gama.

"Kar ka kashe," ta ce. "Ajiye wayar a gefe, ka ci gaba."

Ya ajiye. Ta zauna a kicin ɗinta da littattafan ɗalibai a gabanta ba ta buɗe ba, tana jin ƙarar wuƙa a kan katako, da buɗe famfo, da tarinsa, da albasa tana soyuwa a mai. Can ta kusanto da wayar bakinta.

"Abu Laith, rage wutar nan, za ka ƙona."

Daga nesa ta ji ya ce, "Na rage, na rage."