Famfon Masama a Filin Jirgi

Shekara biyu Albarka yana kula da famfon da malaman wata jami'a suka kafa a Masama, irin mai jawo ruwa da hasken rana. Da bazarar 1993 ta kama, sai ga su da mota sun kwance shi, wai za a kai gyara, alhali lafiyarsa lau. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai gaba goma sha biyar. Igiyar guga ta tsattsage tafin hannun matarsa Larai.

Bayan sati shida ya biya Kalgo ya ɗauko yayarsa Delu, ya raka ta filin jirgi za ta aikin hajji. A zauren matafiya suka tarar da cincirindo. An kafa tebura ana nuna ƙere-ƙeren jami'a, kowa ya zo ya taɓa. A tsakiya ga wani famfo cikin rabin duro, an ja masa waya zuwa waje. Mutum ya danna maɓalli, ruwa ya yi tsiri ya koma duron, a yi dariya.

Robar tayar keke da shi da kansa ya ɗaure bututun famfon Masama da ita Albarka ya fara gani. Kansa ya ɗau zafi. Ya kutsa har gaban Malam Yusufu, wanda ya zo kwancewar.

“Malam, nan ne wurin gyaran?”

Yusufu ya rage murya. “Haƙuri, Albarka. Manya ke bi ta nan. In suka gani, ƙauye goma za su samu.”

“Mu da muka samu fa?”

“Daga nan Legas za a kai shi, sati uku kacal.”

Wani alhaji ya miƙa yatsa zai danna. Albarka ya riƙe masa hannu.

“Alhaji, ruwan mutanen Masama kake wasa da shi. Yau kwana arba'in da biyu ba mu gan shi ba.”

Alhajin ya janye hannu yana kallon Yusufu. Haka Albarka ya yi ta gaya wa duk wanda ya matso, Delu na jan rigarsa tana cewa, “Don Allah ka bari, ƙanena.” Masu gadi biyu suka fitar da shi, ko sallama bai yi da ita ba.

Sai da damina ta yi nisa aka dawo da famfon, gilashin tara hasken rana guda ɗaya a fashe. Albarka ya kai wa maigari makullin ɗakin injin, ya ce a nemi wani mai kula da famfon.