Cokalin Gidauniyar Pellam

Orville Tenbrook yana zagaya teburan yana tsince cokula masu yatsu yana cusawa a aljihu, kamar ɓarawon da bai ƙware ba. Masu kawo abincin ne suka yi kuskure. An ce musu liyafa ce ta 'yan majalisar jiha, sai suka ɗauka 'yan majalisa ma da cokali suke ci kamar sauran mutane.

"Akwai ɗaya can kusa da butar kofi," in ji Joanne Pawlak, lauyar Gidauniyar Pellam, ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. "Kujerun nan kuma a jingine su da bango."

"Joanne, masu ciwon ƙoda fa na gayyato. A tsaye za su ba da labarinsu?"

"Su dai su zauna. Sanata ne ba zai zauna da faranti a hannu ba. In ya zauna ya ci da cokali, abinci ne, abinci kuwa kyauta ce, kyauta kuma ka san inda take kai mutum. In a tsaye ya ci da tsinke, gaisawa kawai aka yi."

Orville ya juye cokulan cikin akwatin masu abinci, ya ja kujeru. Ya san dokar, a ƙarƙashinta ya yi furfura. Shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar agaji mai kula da bas ɗin da ke kwaso marasa lafiya daga ƙauyukan gundumar Tamarack zuwa birni wankin ƙoda. Jiha ce ke biyan kuɗin mai da na direba, kuma kuɗin zai yanke a ƙarshen wata, sai fa in kwamitin sufuri ya amince da ƙudirin sabunta shi yau da rana. Kwamitin ya rabu gida biyu daidai wa daida. Mutum ɗaya ne ya rage bai nuna inda ya dosa ba, Sanata Virgil Dorrance.

Abin da ya hana Orville barci shi ne, ba shi da izinin roƙonsa. Albashinsa, hayar ofis, wayar da ke aljihunsa, har jatan landen da aka soke a tsinkayen nan, duk kuɗin gidauniya ne. Ita kuwa gidauniya, hukumar haraji ta Washington ta ɗauke mata haraji ne bisa sharaɗin kuɗinta ba zai shiga kamun ƙafa ba. Ana iya wayar wa ɗan majalisa da kai. Ana iya nuna masa taswira, a kawo masa mara lafiya ya gani da idonsa, a sa shi kuka ma in yana da sauran hawaye. Abin da ba a yi shi ne a ambaci ƙudiri a ce masa ya goyi bayansa. Marigayi Pellam, wanda ya tara dukiyarsa da sayar da tayar mota, ya ƙare rayuwarsa yana sayen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya mutu kuɗinsa ya koyi kunya.

Sanata Dorrance ya shigo a makare, ƙato, mai sanƙo, tsohon manomin masara, yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa.

"Orville! Malamina na kaina. Yau kuma wane darasi za mu ɗauka?"

"Barka da zuwa, Sanata. Ga ɗan abin taɓawa."

Sanata ya ɗaga tsinke ɗaya ya duba abin da ke kansa ta fuskar fitila. "Wannan jatan lande ne ko jikansa?" Ya haɗiye, ya ɗauki wani, idonsa na kan kujerun da ke jingine kamar mai kallon tsohuwar budurwa.

Orville ya kai shi gaban Dottie Kruse, wata dattijuwa da ta baro gida tun kafin gari ya waye. Ta ba shi labarinta tsaf: yadda ɗanta ya koma wata jiha, yadda idonta ya daina ganin titi, yadda in ta tsallake wanki ɗaya ƙafafunta ke kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Sanata ya saurara da gaske. Da ta gama ya sunkuya.

"To, Misis Kruse, me kike so in yi miki?"

Ita Dottie ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Doka ba ta ɗaure bakinta ba, muddin ba ƙungiya ce ta sa mata maganar a baki ba. Amma an yi musu bita a cikin bas, an sake yi a bakin ƙofa, an ja musu kunne har suka fi lauyar tsoro. Ta dubi Joanne. Joanne ta dubi silin.

"Ni dai, Sanata... so nake ka san halin da ake ciki."

"Na sani yanzu."

"To, madalla," in ji Dottie, ta naɗe hannuwa.

Sanata ya juyo. "Kai fa, Orville?"

Orville ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. "Bincikenmu ya nuna cewa a gundumomin da ba su da sufuri..."

"Bincike," in ji Sanata, ya ajiye tsinken. "Jiya masu zuba kwalta suka kira ni cin abinci. Naman sa, mai kaurin tafin hannuna, a zaune, da wuƙa da cokali. Su da cekin yaƙin neman zaɓe suka zo, don haka doka ta ce ba kyauta ba ce, siyasa ce. Kuɗin bas ɗin nan suke so a mayar kan sabon titi. Ban ce ina son su ba. Amma ban fito ina tambayar kaina me suke nufi ba." Ya shafa ciki. "Bari in nemi abin da zai riƙe ni kafin a zauna."

Ya fita. Butar kofi na ta huci.

Orville ya tsaya yana kallon ƙofar. Can sai ya cire katin shaidar da ke rataye a wuyansa ya ajiye a tebur. Ya cire kwat ɗinsa mai tambarin ƙungiya. Ya ciro waya ya ɗora a kai.

"Joanne, ina da sauran hutu?"

"Tun rasuwar matarka Marguerite ba ka ɗauki ko yini ɗaya ba."

"To na ɗauka. Daga yanzu."

Ta sauke wayarta a karon farko. Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin duban mai sayen saniya. "A matsayina na lauya, ba zan tambaye ka inda za ka ba. Takalman nan fa?"

"Nawa ne."

"Laimar?"

Ya duba. Ga sunan Pellam nan da manyan haruffa. Ya jingine ta da bango, ya fita cikin dusar ƙanƙara daga shi sai 'yar shara.

Ya sami Sanata a tsallaken titi, zaune a rumfar jiran bas, da kwanon takarda a cinya, taliya da cuku da niƙaƙƙen nama suna tururi. Yana zaune yana kallon abincin kawai. Cokulan roba sun ƙare wa mai motar sayar da abincin da ke gefe, ya aika a sayo, ba a dawo ba.

Orville ya tsaya a gabansa, haƙora na kaɗawa.

"Sanata, sunana Orville Tenbrook. Ba na wakiltar kowa, hutu nake. Ƙudirin bas ɗin masu ciwon ƙoda, ka kaɗa masa ƙuri'a. Roƙonka nake yi."

Maganar ta fito masa wani iri, kamar wanda ya daɗe bai yi waƙa ba.

"Iye!" in ji Sanata. "Ashe kana da baki. Zauna kafin ka daskare, a ce ni na kashe ka. A ina kake da zama?"

"Titin Alder."

"Wane hannu?"

"Na yamma."

"Kash. Ba mazaɓata ba ce. Da ka tsallaka titi kawai."

"Matata tana mazaɓarka."

"Ta yi rajista?"

"Tana maƙabartar Cedar, kusa da shinge. Ta hau bas ɗin nan har ƙarshen ranta. Bayan direba take zama, tana koya masa tuƙi."

Sanata ya gyara zaman kwanon a cinyarsa. "Allah ya ji ƙanta," ya ce. Can kuma ya ƙara: "Matattu sun daina zaɓe a gundumar nan tun zamanin babana. Babban rashi ne, mutane ne masu riƙon amana."

Orville ya yi dariya ba da son ransa ba. Marguerite ma da ta yi.

"Ka san abin da ke ba ni haushi da ku?" in ji Sanata. "Kun wayar mini da kai har na gaji. Na san tsawon kowace hanya a Tamarack, na san ƙoda fiye da likitana. Amma in na shiga ɗakin can na juya wa masu kwalta baya, tambaya ɗaya shugaban jam'iyya zai yi mini: wa ya nema? In ce masa me? In nuna masa taswira?"

"Ka ce masa ni na nema."

"Mutumin hannun yamma, marar kwat." Ya sake duban taliyar, wadda ta fara sandarewa. "Ga shi an kusa zama, ni kuwa in ina jin yunwa a'a nake ce wa komai. Tambayi matata."

Orville ya tura hannu a aljihun wando don neman ɗumi, sai ya taɓa ƙarfe. Cokali ɗaya ya maƙale a can. Ya ciro shi, sannan ya tuna. Na haya ne, gidauniya ta biya. Ya riga ya tuɓe kati, ya tuɓe kwat, ya bar laima, ga shi tsaye gaban sanata a ranar ƙuri'a, bayan ya ambaci ƙudiri ƙarara, riƙe da dukiyar Pellam mai yatsu huɗu. Ya ɗaga kai ya dubi tagogin majalisa. Ba ya iya gane ko wani na kallo.

Ya goge cokalin da gefen rigarsa ya miƙa.

Sanata ya ci a zaune, a natse, har ya kankare gindin kwanon. Bai yi alƙawarin komai ba. Ya miƙe, ya yi gyatsa, ya lashe cokalin, ya soke shi a aljihun gaba kusa da alƙalami, ya tsallaka titi.

Orville ya jira a barandar ɗakin kwamiti, jikin bututun ɗumama gini, tare da masu kwalta uku cikin kwat masu tsada, suna kallonsa kamar ya zo gyaran famfo. Da aka buɗe ƙofa, fuskokinsu ne suka fara gaya masa sakamakon, kafin magatakarda ya faɗa. Ƙudirin ya wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya.

Ya koma ɗakin liyafa. Marasa lafiya sun tafi kama bas. Joanne ce kaɗai, tsaye kan akwatin masu abinci.

"Sun ce cokalinsu ɗaya ya ɓata," ta ce.

"Yana wurin Sanata."

Ta rufe ido. "Kai ka ba shi?"

"Ni na ba shi."

"Kafin ka ambaci ƙudirin ko bayan?"

"Bayan."

"A tsaye yake?"

"A zaune. Har ya kankare kwano."

Orville ya ɗauki katinsa yana juya shi a hannu, bai rataya ba tukuna.

"Ƙudirin bas ɗin fa?" in ji Joanne.

"Ya wuce."

Joanne ta jawo ɗaya daga kujerun da ke jingine, ta zauna, ta zame takalmanta masu tsini. Ta janyo tiren jatan landen da ya rage, ta zare tsinkayen ɗaya bayan ɗaya ta tara a gefe. Sannan ta sa hannu cikin akwatin, ta ciro cokula biyu, ta miƙa masa ɗaya.

"Wane cokali?" ta ce, kamar ba ta taɓa jin labarin wanda ke wurin Sanata ba.