Jarkokin Baba Illi

Jarka ta farko ta kusa yi wa Hansai targaɗe. Ta cicciɓe ta daga ƙarƙashin gilashin motar da aka kife ta da shi a rana, ɗumin ruwan ya ratsa mata zane, ta yi taga-taga ta nufi akurki. Maƙwabcinta Baba Illi na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, rawani ya rufe masa baki da hanci, idanunsa kawai ke bin ta.

"Sannu, ɗiyata. Ka sa shi gefen gabas, nan iska yake shiga."

Shekara da shekaru yana Arlit, amma har yau kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji. Da lafiya ce da Hansai ta tsokane shi, sai dai tarin da ya biyo bayan maganar ya kashe mata jiki.

Illi mutumin Gougaram ne. Fari ya cinye masa raƙuma da awaki, ya shigo gari ya kama gadi a kamfanin ma'adinai, da kasuwar uraniyum ta karye aka sallame shi tare da jama'a. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'yarsa Dassin tana aure can daji. Wanda ya tashi cikin dabbobi kuwa ba ya iya zama babu abin kiwo, sai ya koma kan kaji. Unguwa ta sha dariya, don shi cikin Abzinawan nan yake da ba sa cin kaza, ko ƙwai bai taɓa kaiwa baki ba. Sayarwa yake yi ya sayi gero da ganyen shayi, amma in ka ji yana yi musu magana sai ka rantse garken raƙuma ne.

Sanyin Arlit ba ya tausayin 'yan tsaki, gawayi kuma ya yi wuya tun da aka fara harbe-harbe a hanyoyi. Sai tsohon ya samo dabara. Ya shafe jarkoki da baƙin mai, ya cika su da ruwa, ya jera su jikin katanga, ya kife su da tsohon gilashin mota. Su wuni suna shan rana, la'asar sakaliya ya kwashe su zuwa akurki ya lulluɓe da buhu, su kwana suna fitar da ɗumi. Ranar da Hansai ta fara hango wannan aiki ta kan katanga, cewa ta yi da mijinta Muktari tsoho ya fara dafa wa kaji ruwan wanka. A sanyin shekarar nata kajin suka ƙare, nasa suka yi ta ƙyanƙyasa.

Yanzu ga shi ƙirji ya kama shi, ko buta da ƙyar yake ɗagawa. Ya ƙi zuwa likita sai Muktari ya dawo, Muktari kuwa direba ne, ya maƙale a Agadas yana jiran ayarin motocin da soja ke rakawa. Abin da Hansai ke roƙon Allah shi ne tsohon ya kai wannan rana.

Ta yi ta jigila har saura jarka biyu, waɗanda aka ɗan ware a gefe guda. Ta tsaya tana haki.

"Waɗanga biyu hwa, Baba?"

Ya waiga ya dubi cikin ɗakin, ya dube ta, sannan ya ƙara jan rawanin sama.

"Kai shi wajen kaji."

"Kai ba ka jin sanyi?"

"Ni ɗan daji ne, ɗiyata. Sanyi ya san ni."

Ta ga waigen nan sarai. Har zuciyarta ta raya mata wani abu, amma ɗaki na namiji ne, mijinta ba ya gari, matan unguwa kuma ba sa rasa abin faɗa. Gaskiya ma daɗi ta ji da ya sauƙaƙa mata. Ta kai su akurki, ta ajiye masa kunu a bakin ƙofa ta juya, don ta san ba zai buɗe baki ya sha a gabanta ba.

Haka suka yi ta yi. Da safe ta fito da jarkoki rana, da yamma ta mayar da su duka wurin kaji. Kullum in ta tambaye shi jiki sai ya ce alheri kaɗai. 'Yan tsaki suka yi ɓul-ɓul. Tarin da take ji ta katanga ya riƙa raguwa, ita kuma ta ɗauka sauƙi ne, har ta ba wata maƙwabciya albishir.

Muktari ya iso da hantsi, idanu jawur don gajiya. Ko ruwa ba ta bari ya sha ba ta tura shi, don yau tsohon bai fito bakin ƙofa ba. Ya yi sallama, ya sake yi, ya shiga. Bai daɗe ba ya fito riƙe da hularsa a hannu, yana salati a hankali.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Aka aika wa Dassin, kodayake ba wanda ya san yaushe hanya za ta bar ta ta iso. Muktari ya ce ya kamata a share ɗakin kafin zuwanta, shi ne Hansai ta ɗauki tsintsiya ta tsallaka ƙofar a karon farko.

Ba komai a ciki sai tabarma, bargo ɗaya da ya sha jiki, da 'yar butar shayi. Amma a rairayin da ke gefen tabarmar akwai gurbi biyu, sun lotsa, baƙin mai ya rine su. Ɗaya daidai ƙirjin mai kwanciya, ɗaya wajen ƙafafu.

Ta kira mijinta ta nuna masa.

"Ai na jarkokinai ne," in ji Muktari. "Kullum biyu na ɗaki ne, tun da ƙirjin nan ya hwara damunai. Bai hwaɗa miki ba?"

"Ya dubi ɗakin," ta ce.

Muktari bai gane ba, ya tsaya yana kallonta.

"Na tambaye shi, ya dubi ɗakin, ni kuma na kai ma kaji."

Ya ce ta bar wannan magana, kwana ne ya ƙare, ko da jarka goma ne da ba su ƙara masa numfashi ba. Ta yarda haka ne, ba ta ja da ikon Allah. Sai dai abin ya tsaya mata a rai: mutum ya yi kwanakinsa na ƙarshe yana rawar ɗari, ɗuminsa na wucewa ta gabansa a hannunta, ya kasa cewa a ba shi, ita ma ta kasa shiga. Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba ko a rasuwar mahaifinta.

Muktari ya koma wurin masu gaisuwa. Ta durƙusa za ta fara shara, sai wata jar kaza ta leƙo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ta shigo tana taku ɗaiɗai, ta ɗan tona gurbin wajen ƙirji, ta gyara fukafukai ta kwanta a ciki. Hansai na riƙe da tsintsiya, ba ta kore ta ba.