Shukar da Aka Yi wa Ƙarin Girma Sau Shida

Abin da ya faru a taƙaice shi ne: wata shuka ta zauna a barandar wani gidan haya, hawa na biyu, har shekara bakwai. A cikin wannan lokaci an sauya mata mazauni sau shida, ba ta yi fure ko ɗaya ba. Matar gida ta shigar da ƙorafi, aka ba shukar wa'adin wata uku, aka nemi shawarar masani, sannan aka zartar da hukunci. Ga bayanin dalla-dalla.

Mai shukar shi ne mutumin da maƙwabta ke kira Sakatare, saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi yana rubuta rahoton kwamitin ƙarin girma a wata ma'aikata. Ranar da ya ajiye aiki, abokan aikinsa suka ba shi tsiro a 'yar tukunyar roba, haɗe da kati mai hoton furen da zai yi. Furen kamar kan gauraka yake, tukkunsa ruwan lemo, harshensa shuɗi, shi ya sa ake ce masa tsuntsun aljanna. Ganyen kuwa na ayaba sak. An rubuta a katin cewa bayan shekara biyar za a ga fure.

Barandar taku huɗu ce a tsawo, biyu a faɗi, kuma ita kaɗai ce wurin da rana ke shiga a gidan. Matar Sakatare tela ce. Ta daɗe tana son fito da kekenta nan, domin a ɗakin ciki ko da tsakar rana sai an kunna fitila. Amma da ta ga tukunyar ba ta fi kwanon sha ba, sai ta ce a ajiye, za a san yadda za a yi.

Sakatare yana da aƙida ɗaya da ya fito da ita daga ofis: duk ma'aikacin da ya yi shekara ba a kama shi da laifi ba, ya cancanci matsayi na gaba. Saboda haka duk shekara sai ya karkata tukunyar ya leƙa ƙasanta. Da ya ga fararen saiwoyi sun leƙo ta ramin fitar ruwa, sai ya gyaɗa kai, ya ce wuri ya yi mata kaɗan, ya tafi wurin mai lambu ya sayo tukunyar da ta fi girma. Kuma kowane karo sai ya ƙara tura ta ƙasa, ya binne ta har wuya, wai don ta zauna daram. Daga roba ta koma tukunyar ƙasa, daga nan ta bi na siminti ɗaya bayan ɗaya, har a shekara ta shida da ya sa mai walda ya raba masa duro biyu. Shukar ta karɓi kowane matsayi ba tare da gardama ba. Ta yi ganye, ta ƙara ganye, ta wuce Sakatare tsawo, har shanya ta koma kan ƙofar banɗaki.

Wata safiya matarsa ta tsaya a bakin baranda da zare a hannu.

"Baban yara, ayabar nan taka yaushe za ta haihu?"

"Ba ayaba ba ce," in ji Sakatare. "Kuma ana duba maganarta."

"Shekara bakwai ana dubawa? Ni a shekara bakwai huɗu na haifa maka, ko kujerar zama ba ka sauya min ba."

"Ke ai ba ki nema a rubuce ba."

"To ga shi da baki. Wata uku. In babu fure, ko ta sauka ƙasa, ko in ɗora keke a kanta."

Sakatare ya ɗauki wa'adin da muhimmanci. Ya mayar da ban ruwa sau biyu a rana. Ya ninka taki. Ya riƙa goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, kuma duk inda ganye ya tsage sai ya haɗa bakin tsagar da salatif, kamar yadda ya saba yi wa tsofaffin takardu. Bayan wata guda sakamako ya fito: ganyen ƙasa uku suka yi rawaya, ƙananan ƙudaje suka tare a bakin duron.

Ana cikin haka suka je duba yayar matarsa, wadda ciwon gwiwa ya hana fita. Sakatare ya zagaya bayan kicin zai wanke hannu a famfo, sai aka ji shiru. Da shirun ya yi yawa, matarsa ta bi shi, Yaya ta biyo ta tana dogara sanda.

A jikin bango akwai tsohon bokitin fenti, ya tsage daga baki har gindi, saiwa ta kunno ta tsagar kamar yatsu. A samansa kuwa kawunan gauraka uku ne, tukkayensu a miƙe, suna kallon Sakatare. A sauyin tukunya na uku wani ɗan tsiro ya ɓalle daga jikin uwar, Sakatare ya ce a jefar, matarsa ta kawo wa Yaya. Shi ne wannan.

"Yaya," in ji shi da ƙyar, "wane taki kike sa mata?"

"Wa?"

"Shukar nan."

"Au, wannan? Wallahi mantawa nake da ita. In na tuna dai in watsa mata ruwa."

"Ba ki taɓa sauya mata tukunya ba?"

"Da wace gwiwar? Kai dai Sakatare! Taka fa, na ji an ce saura kaɗan ku bar mata gidan."

A mota matar Sakatare ta riƙa kallon taga, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Washegari Sakatare ya je wurin mai lambu da hotuna biyu a wayarsa, na duro da na bokiti. Mai lambu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya goge hannu a riga.

"Yallaɓai, wannan shukar sai ta ji matsi take fure. Muddin saiwarta na da wurin miƙewa, ganye kawai za ta yi. Duk sanda ka sauya mata tukunya, ka mayar da ita farko ke nan."

"Wato ƙarin girman ne ya hana ta aiki."

"Ni dai tukunya na ce."

Fuskokin mutane da dama suka gifta wa Sakatare a rai, waɗanda shi da hannunsa ya rubuta musu takardar ƙarin girma.

"Amma kai ka sayar min da tukwane biyar, ba ka faɗa min ba."

"Tukunya ka tambaya, yallaɓai, ba ka tambayi fure ba. Na ɗauka shukoki biyar gare ka."

"To yanzu mece ce mafita?"

"Ka kwashe ƙasar da ka binne wuyanta da ita, ta fi son saman saiwarta ya sha iska. Ruwa kuma sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Ka ɓare wannan salatif ɗin, tsagewar ganye halinta ne, hanya take ba iska. Sai kuma babban aikin: ka ƙyale ta."

"Har yaushe?"

"Kafin ta cika wannan duron? Shekara uku, ko huɗu."

"In na mayar da ita ƙaramar tukunya fa?"

"Sai an raba ta. Shi ma sai ta yi shekara biyu tana fushi."

Saura mako shida wa'adi ya cika. Sakatare ya koma gida ya yi abin da ya iya: ya zauna ya rubuta takardar neman ƙarin wa'adi na shekara uku, da dalilai huɗu, da ra'ayin masani a sakin layi na ƙarshe. Takarda ce mai kyau. Da a ofis ne da ta wuce ba tare da an karanta ba. Ya ninke ta, ya nufi ɗakin ciki.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, fitila a kunne. Matarsa ta sunkuya a kan keke, tabarau a ƙarshen hanci, tana neman ramin allura. Ta lashi zaren ta gwada, ya kauce. Ta sake, ya kauce. A karo na huɗu ta ɗago.

"Tunda kana tsaye, zo ka zura min."

Sakatare ya sunkuya ya gwada. Bai ma ga allurar sosai ba, balle raminta. Ya gwada sau biyar, sannan ya miƙe.

"Kullum haka kike yi?"

"A'a, wata rana maƙwabciya nake kira. Mene ne wannan a hannunka?"

"Ba komai," in ji shi, ya cusa takardar a aljihu. "Ina za a samu 'yan dako?"

Duron bai shiga ƙofar baranda ba, domin a barandar aka cika shi da ƙasa. Sai da ƙarti huɗu suka ɗaure shi da igiya suka zura shi ta kan ƙarfen baranda, Sakatare yana ƙasa yana ba da umarnin da babu mai saurare. Aka ajiye shi a harabar gidan, jikin katangar da rana ke bugawa. Kafin la'asar keke ya fito baranda. Sakatare kuwa yana sauka kowace safiya ya zagaya duron, hannuwansa a baya, ɗaya riƙe da ɗaya.

Abin da lamarin ya ci: tukwane biyar da rabin duro, taki buhu tara, salatif naɗi goma sha ɗaya, igiya ɗaya da ta tsinke bayan an gama, ƙarfen baranda ɗaya da ya lanƙwashe, tabarau biyu na matar gida, shekara bakwai. Fure uku, duk a gidan Yaya.