Tsohon da Aka Bari a Mufulira

"Wannan tuwo ne ko kunu?" Shikulu Lombe ya ture kwanon da bayan hannu. "Ko kare mai yunwa sai ya yi shawara kafin ya lasa."

Mwila ta gyara goyon Sampa a bayanta, ta dubi tsohon sheƙeƙe. "To ka jira na surukarka. Ai Solwezi nan ce bayan ɗaki."

"Ba ki da kunya."

"Na sayar da ita, na sayo garin da kake zagi."

Tari ya sarƙe shi kafin ya rama. Ya daɗe yana yi, ya tofa a gwangwani, ya jingina da bango yana haki. Shekarun da ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar tagulla sun cinye masa ƙirji. Mwila ta juya ta fita. Tana jin ƙarar kwanon da ya jawo gabansa, ba ta waiga ba.

Surukar tasa, Bupe, ita ce aminiyar Mwila tun suna amare. Shingen waya ne kawai tsakanin gidajensu, famfo ɗaya suke ɗiba. Bupe ce ta riƙe Mwila ranar da ta haifi 'yarta Chomba, ita kuma Kaluba, 'yar Bupe, ta sha nonon Mwila lokacin da zazzaɓi ya kwantar da uwarta. Sai Kangwa, mijin Bupe, ya samu aiki a wata sabuwar mahaƙa a Solwezi. Mahaifinsa ya ce shi kam a Mufulira aka binne matarsa, ba inda za shi. Suka loda kaya, Bupe ta rungume Mwila tana kuka, ta ce, "Ki riƙa leƙa mana shi." Mwila ba ta rungume ta ba, don a bakin mai gawayi ta fara jin labarin tashin nasu.

Tun daga nan komai ya kwaɓe mata. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Babu mai riƙe mata jariri ta je kasuwa, babu wadda za ta miƙa wa magana ta kan shinge. Chomba, mai shekara shida, ta koma fitsarin kwance, har ta ciji wata yarinya a makaranta. In wayar Mwila ta yi ƙara ta ga sunan Bupe, sai ta kife ta.

Wata safiya tana shanya tabarmar da yarinyar ta jiƙa, Chomba ta ja mata zane. "Mama, yaushe Kaluba za ta dawo?"

"Matsa ki ba ni wuri! Je ki tambayi kakanta, mai fitsarin tsiya!"

Tsohon yana zaune a ƙofarsa yana shan hantsi. "Ke, daina huce haushinki a kan yarinya. Ba ita ta tafi ta bar ki ba."

"Kai ma ai barin ka aka yi, Shikulu. Kujerun ma sun ɗauka, kai ne ba su ɗauka ba."

Ya dafa sanda ya shige ɗaki. Ranar bai zagi tuwon ba, bai kuma ci ba.

Da damina ta sauka tarin ya kayar da shi. Mwila ta ce a tafi asibiti, ya ce an sha kai shi, ba abin da suka ƙara masa sai layi. Ta ce to bari ta kira ɗansa.

"In kika kira su ban yafe ba," in ji shi. "Su zo su kinkime ni kamar buhun masara, in mutu a garin da ba wanda ya san sunana?"

Ta mayar da wayar cikin zane. Ba don shi kaɗai ba. Can a ranta akwai abin da ke cewa Bupe ma ta ɗanɗana yadda ake jin labari a makare. Haka kwanaki suka shuɗe tana goge masa jiki, tana wanke gwangwanin, Sampa na tsala ihu a bayanta.

Ranar ƙarshe, da la'asar, tana ba shi kunu da cokali.

"Ba sukari," ya ce da ƙyar.

"Sha haka nan."

"Hannunki kamar na maƙeri." Ya huta, ƙirjinsa na ƙara. "Yarinyar nan... ki bar ta ta ji muryar Kaluba. Ke ki ci gaba da gabarki, amma ita me ta yi?"

Mwila ta dubi leɓunansa da suka yi fari fat. Ta ajiye kofin, ta fita tsakar gida inda waya ke kamawa. Bugu ɗaya Bupe ta ɗauka. "Mwila? Ashe kina raye?"

"Ku taho. Tsohonku ba lafiya."

Da ta koma ɗakin, kansa ya karkata gefe, kunun bai bushe a gemunsa ba. Ta goge masa da bakin zanenta, ta rufe masa ido, sannan ta sake fita ta kira.

Washegari Bupe ta sauko daga mota da kururuwa, mata suka tare ta. Kangwa ya wuce Mwila kamar bai taɓa ganin ta ba. A bayan gida, wajen murhu, Bupe ta ritsa ta.

"Tun yaushe yake kwance?"

"Ya kwana biyu."

"Kuma kika yi shiru? Na kira ki har yatsana ya gaji!"

"Shi ya hana."

"Ƙarya kike! Yaushe kika fara jin maganarsa?"

"Ke kin faɗa mini za ku tashi? Mai gawayi ya sani, ni da na shayar da 'yarki ban sani ba!"

"Kasa faɗa miki na yi," Bupe ta ce. "Amma ni ban hana ki ganin gawar kowa da rai ba. Kin hana mutum yin sallama da ubansa."

Wata dattijuwa daga coci ta leƙo ta ce su ji tsoron Allah, gawa na kwance a ɗaki.

Bayan an dawo daga maƙabarta, jama'a suka ci abinci suka watse, aka bar manyan tukwane jibge a bakin famfo. Da safe motar Solwezi za ta tashi. Mwila ta durƙusa tana dirzar tukunya da toka. Can sai Bupe ta zo ta tsaya, ta miƙa hannu ba tare da ta dube ta ba. Mwila ta miƙa mata tukunyar, Bupe ta ɗauraye, ta kife.

A gindin mangwaro, Chomba da Kaluba sun yi barci a kan buhu ɗaya, kowacce da rabin kitson da ɗayar ta fara mata.